Inuwar Gimba a Bangon Tsoffin Soja

Ku da kuke zaune gaban kwamfuta kuna danne-danne, inji ya tofo muku allo kafin shayi ya huce, na ji abin da ɗayanku ya faɗa shekaranjiya. Wai zanen nan na bangon tsoffin soja da ke hanyar bakin ruwa, in aka ba shi aikin, hoto ɗaya zai ɗauka da waya, ya gyara shi, ya buga a leda, ya fi na da kyau. Har da ƙarin cewa mai zanen bai san aikinsa ba, tunda wasu sojojin suna da inuwa wasu ba su da ita. In na ce ban ji haushi ba, ƙarya na yi. Na ji. Amma ba zan zage ka ba, don ni ma na taɓa faɗin wannan magana a raina, kuma ni ban tsaya ga faɗi ba, sai da na ɗauki buroshi. Ku jawo benci ku zauna.

Ni Sule, a nan Yelwa na yi sana'ar zane tun gashina yana baƙi, amma ba ɗan gari ba ne ni. A tsibiri aka haife ni, cikin waɗanda aka tasa lokacin da aka datse kogi ruwa ya taso ya cinye gonaki. Da aka maido mu tudu, gonar da ta faɗo wa gidanmu ba ta ishe mu ba. Sai Inna ta tasa ni gaba, ina ƙaton saurayi gemu ya fara tsirowa, ta kawo ni wurin Malam Audu. Audu Mai Alli ake ce masa, don ko masallaci za shi akwai guntun alli maƙale a bayan kunnensa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in miƙa hannu. Na miƙa. Ya ɗora mini kofin ruwa cike taf a tafin hannu, ya juya ya ci gaba da hira da wani direba kamar ya manta da ni. Sai da kafaɗata ta fara zogi sannan ya karɓe. Ya duba ƙasa bai ga ɗigo ba, ya ce wa Inna ta koma gida.

Shekara biyu ban ja layi ko ɗaya ba. Wankin buroshi da kananzir, kankare tsohon fenti a jikin ƙarfe, dama gwangwani har hannu ya mutu, ɗaukar tsani daga tasha zuwa bakin ruwa, shi ne aikina. Manyan buroshi a kasuwa muke saye, amma ƙananan da ake jan baƙaƙe da su Malam da kansa yake yi, da gashin wutsiyar akuya, ya tsefe, ya jera, ya ɗaure da zare a bakin tsinke. Akwai wata sandarsa mai dunƙulen tsumma a kai, ita yake jinginawa a bango ya ɗora wuyan hannu don kada ya yi rawa. Akwai zaren da ake shafa wa alli, a miƙe shi, a ja tsakiya a saki, ya bar layi santal. Ban taɓa ganin ya auna tazarar baƙi da baƙi da ma'auni ba. Ido yake sawa, kuma in ka biyo bayansa da ma'auni kunya za ka ji. Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya bayani. In ka tambaye shi don me ya yi kaza, sai ya ce idonka na nan, ba a aro aka ba ka ba. Da haka na daina tambaya.

Aikin farko da ya sakar mini bayan wata babbar motar albasa ce ta wani direba daga Shanga, mai son zaki yana hamma. Kwana biyu ina fama. Da direban ya zo, ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce shi zaki ya yi oda, ba mage mai ciwon haƙori ba. 'Yan tasha suka kwashe da dariya, har yau akwai tsofaffin da ke kirana Sule Mage. Malam ya karɓi buroshi, ya sauko da kafaɗar dabbar, ya buɗa tafin ƙafarta, ya zuba duhu a ƙarƙashin ciki. Ja uku. Mage ta zama zaki, direba ya biya yana murmushi. Masu mota ke nan, su a tsorata musu na baya suke so. Masu jirgi kuwa sun fi kowa rigima, sai ka gama rubuta sunan jirgi tsaf mutum ya ce ya yi mafarki, a canja. Masu shago su kuma a cusa musu duk abin da suke sayarwa a allo ɗaya, daga gishiri har fitila.

A shekarata ta huɗu ne tsoffin soja suka zo. Su uku ne, da sandunansu, babbansu Kofur Tanko, dogo, mai tafiya a miƙe kamar har yanzu ana kallonsa a fareti. Mutanen da suka je yaƙin Bama ne, can ƙetaren teku, lokacin yaƙin duniya na biyu. Suna da wani zaure da suke taruwa a hanyar bakin ruwa, mai dogon bango da ke kallon gabas. Kofur ya ce su goma sha ɗaya suka tashi daga tsibiransu a jirgi ɗaya aka kai su soja. Waɗanda suka mutu a can ba su da kabari a nan. Gidajen da aka haife su kuma, da itatuwan da ake cewa a nan wane ya yi wasa, duk suna ƙarƙashin ruwa. Abin da ya rage yana cikin kawunansu ne su tsofaffin, su ma kuma ɗaya bayan ɗaya ake ɗauka. Suna so a sa mutanen nan a bango.

Na zaci gobe za mu kafa tsani. Ina! Sai da Malam ya yi mako biyu yana zuwa zauren nan ya zauna a tabarma, ba alli, ba takarda, yana sauraro. Ni kuwa ina can ina wanke bango, ina toshe tsaga, ina shafa farin fenti hannu uku. Limamin unguwa ya zo ya yi ƙorafi kan zanen mutane, Malam ya ce ya kwantar da hankalinsa, ba zai yi wa kowa fuska ba. Dama ba hoto ko ɗaya da zai kalla. Sai ya bar fuskokin sumul, ba ido ba baki, ya ba kowane mutum abin da iyalinsa za su gane shi da shi.

Ku je ku duba da kyau, ba da waya ba. Na fari daga hagu, mai buta rataye a ɗamara, Bawa ne, wanda aka ce ko ana ruwan harsashi sai ya nemi inda zai yi alwala. Na kusa da shi yana da ɗan gicciye a zare a wuyansa, kuma hannunsa yana kan kafaɗar Bawa, don shi yake tsare masa baya in ya ta da salla. Akwai mai ƙaho ɗaure a dantse, na gargajiya, Malam bai ɓoye masa ba. Akwai wanda takalmansa ke rataye a wuya yana tafiya ƙafa tsirara, ɗan tsibiri ne da bai taɓa shiri da takalmi ba, an hore shi har an gaji. Huɗu daga ciki ba bindiga a hannunsu, akwatuna ne a ka, don da yawa daga mutanenmu dako suka yi a dajin can, inda mota ba ta shiga, alfadari ma yana turjewa. Malam ya sa su a tsakiya, ya fi ba su tsawo. Na ji da kunnena Kofur yana cewa haka ne daidai, da kan waɗannan aka ci yaƙi. Bature kuwa babu shi a bangon ko ɗaya. Wani ya yi magana, Kofur ya ce Bature yana da masu zana shi.

Dajin da ke bayansu kore ne mai duhu, kusan baƙi, ba sararin sama. Yana tafiya dama yana washewa har ya zama tudu irin namu, mai giginya. A ƙasa akwai kogi, daga hagu ja-ja ne mai laka, kogin can, a hankali ya koma shuɗi, ya zama namu. In ka sunkuya a wajen shuɗin za ka ga kan rumbu da rassan kuka dishi-dishi a cikin ruwa. Tsibiranmu ke nan. Ni na shafa ruwan nan da hannuna, Malam yana tsaye a bayana.

Na ƙarshe a dama shi ne Gimba, mai filafilin tuƙi a hannu. Labarinsa kowa ya sani a lokacin. Shi ke haye da raunanannu wani kogi a jirgin da suka samu. Ya yi sawu da yawa, ya koma na ƙarshe, ba a sake ganinsa ba. Ba gawa, ba jirgi, ba wanda ya ce ya ga ya faɗi. Ya bar matarsa da cikin fari, ita ce Inna Hajo mai bandar kifi. Dangi sun yi magana, manema sun zo, ta ce ita ba wanda ya kawo mata labarin mutuwa. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta yarda an yi masa sadaka ba. Ta reni 'yarta da kifi, ta aurar da ita. Ko da aka tashe su daga tsibiri, ita ce ta matsa a ba ta gida kusa da inda jirage ke tsayawa.

Ranar da Malam ya gama zana mutanen da gawayi, kafin a sa fenti, Inna Hajo ta zo. Gimba yana tsaye a tudu kamar sauran. Ta kira Malam gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, ni ina nesa ina dama fenti, ban ji ba. Da ta tafi, ya daɗe tsaye yana sosa bayan kunne da alli. Sai ya ɗauki tsumma ya goge ƙafafun Gimba, ya jawo ruwa har ƙarƙashinsa, ya zana jirgi ya tsayar da shi a ciki, bakin jirgin saura kaɗan ya taɓa gaɓa.

Ana saura kwana biyu a gama ya aike ni Kontagora sayen fenti. Da na dawo an sauke tsani. Na tsaya ina kallo, wallahi ban taɓa ganin aiki irinsa ba, har yau kuma ban gani ba. Amma idona ya kama wani abu. Bakwai suna da inuwa a ƙasa, baƙa, kwance zuwa dama. Uku ba su da ita, har da Bawa mai buta, ban da Gimba da ke kan ruwa. Na ce a raina, ashe Malam ma yana mantuwa. Rana ɗaya ce a kansu, ta yaya za ta ba wani inuwa ta hana wani? Ban tambaya ba, kun san dalili. Na ajiye abin a raina kamar wata 'yar dukiya, cewa akwai ranar da na kama maigidana da kuskure. Kusan shekara talatin ina ɗauke da ita. Waɗanda suka san ma'anar kuwa ba wanda ya gaya mini, kowa ya ɗauka yaron Malam Audu ai ya fi kowa sani.

Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, na gaji sandarsa da zarensa. Na ci kasuwa ba laifi, sai da injinku ya iso. Shekarar nan ba zan manta da ita ba. Masu shago suka koma leda. Direbobi suka koma sitika, a manna zaki a minti biyar, duk zakunan kuma fuska ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su. Sai in yi mako ban buɗe gwangwani ba. Na koma shafa ƙofofi da gadajen ƙarfe, har allon makaranta na baƙanta don a ci tuwo. Ga damina ta yi nauyi, ruwa ya kwanta a gindin bangon tsoffin soja har danshi ya cinye kusurwar dama, yaɓen ya zube, ya tafi da jirgin Gimba da ƙafafunsa har gwiwa. Sauran zanen ma ya koɗe. 'Ya'yan sojojin suka haɗa abin da ya samu, magini ya yi sabon yaɓe, suka kira ni. Ba su yi mini bayanin komai ba, suka ce in maido shi yadda yake.

Na yi murna ƙwarai, don ranar ce na ji ni mai zane ne kuma. Kwana tara ina kai. Na bi layin Malam ɗaya bayan ɗaya, ban kauce ba. Buta, gicciye, ƙaho, takalma, duk na ta da su. Da na iso kusurwar dama sai na leƙa gwangwanin shuɗi na ga saura a gindi. Shuɗi ya yi tsada a shekarar, ga shi ina da rabin galan na ruwan ƙasa da ya rage daga wasu ƙofofi. Na ce, to mene ne? Mutum goma a tudu, ɗaya a ruwa, dama zanen ya karkata. Na jawo gaɓa da ruwan ƙasan nan har ƙarƙashin Gimba, na yi masa ƙafafu, na tsayar da shi a tudu da filafilinsa. Sannan na dama baƙi, na ce yau zan gyara wa Malam abin da ya manta. Na ba ukun nan inuwa. Na ba Gimba. Goma sha ɗaya cif, duk kwance zuwa dama, gwanin kyau. Na ja da baya ina yaba kaina.

Da hantsi aka kawo Kofur Tanko a kan babur ɗin kabu-kabu. A lokacin shi kaɗai ya rage cikin tsoffin sojan, idonsa ya yi rauni, sai ya matso har hancinsa ya kusa taɓa bango. Ya fara daga hagu yana bi da sanda a hankali, yana gyaɗa kai. Ya sauke sandar ƙasa wajen ƙafafun Bawa, ya tsaya. Ya matsa gaba, ya dawo. Ya sake bi tun daga farko yana taɓa kowace inuwa.

Ya ce, "Sule, wa ya ce ka tashe su?"

Na ce ban gane ba, Baba. Na fara yi masa bayanin rana da inda haske ke fitowa, kamar wani malamin makaranta. Ya bar ni na gama. Sannan ya ɗora bakin sandar a kan Bawa ya ce wannan a cinyarsa ya cika, shi ya rufe masa ido. Wancan zazzaɓi ya kashe shi, sun binne shi da ganye don ƙasar ta ƙi haƙuwa. Na ukun bai ma samu ganyen ba.

"Mai inuwa shi ad dawo gida. Marar inuwa shina can. Ubangidanka bai manta komi ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Shekara talatin ina yi wa mutum dariya a zuci, ashe ni ne wawan. Ina tsaye da tsumma a hannu Kofur ya ci gaba da bin bango har ya kai kusurwa. Sandar ta nemi jirgi ba ta samu ba. Ta bi ƙafafun da na yi, ta sauka kan inuwar. Sai ya nemi a ba shi wuri ya zauna.

A nan ya gaya mini abin da Inna Hajo ta faɗa wa Malam ranar nan. Ta riga ta ji daga tsofaffin yadda za a yi da inuwa. Ta ce in ya ba Gimba inuwa ya yi ƙarya, don ɗakinta ba kowa. In kuma ya hana shi, to shi ya kashe mata miji, don ba wanda ya ga gawarsa. Malam ya rasa yadda zai yi, shi ne ya sa shi a jirgi, a kan ruwa mai motsi, inda ba wanda zai nemi inuwa. Bai iso ba, bai kuma ɓace ba. Haka ta yarda, haka take wucewa ta gabansa kullum da kwandon kifinta. Ni kuma don in tsimi shuɗin gindin gwangwani na sauko da shi tudu.

Na ce yanzu-yanzu zan kankare, in sayo shuɗi ko da rigata zan sayar, in mayar da jirgi kafin ta ji. Kofur ya ce ukun nan in goge su maza, wannan haƙƙinsa ne ya faɗa. Na Gimba kuwa kada in taɓa, ba nawa ba ne ba nasa ba. Kuma batun kafin ta ji, ya ce in dubi hanya. Mata masu kai kifi kasuwa tun safe suke wucewa suna kallo.

Na shafe inuwa ukun, hannu uku kowace, ina jira ta sha iska in ƙara. Aikin da na fi jin kunyarsa ke nan a rayuwata, mutane na tsaye suna kallo.

Bayan la'asar ta zo. Ta tsufa sosai, tana dogara sanda, 'yarta na riƙe da ita, ita ma da furfurarta. Na durƙusa na gaishe ta, na fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta ce a ba ta abin zama. Na kife babban gwangwani na shimfiɗa buhu a kai. Ta zauna daidai gaban Gimba.

Ban san iya lokacin da ta ɗauka ba, amma inuwar zauren ta tsallake hanya tana nan. Ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya ta ce na yi masa ƙafa manya, kuma haka ƙafarsa take, ko Malam Audu bai sani ba. Sau ɗaya kuma ta juya ta ce wa 'yarta, ga tsawonsa nan in ya tsaya a ƙasa, ba ki taɓa gani ba. 'Yar ce ta rufe fuska da gyale. Kofur yana gefe, kansa a sunkuye. Ni kuwa ina tsaye da buroshi, ina jiran ta ce in mayar da jirgi, ko ta tsine mini, duk wanda ta yi na cancanta.

Da aka fara haramar magariba ta miƙa hannu aka tashe ta. Ta matso ta taɓa inuwar da yatsa, fentin ya riga ya bushe.

"Sule."

"Na'am, Inna."

"Kak ka maida shi ruwa, ya gaji da tuƙi. Bar shi shi kwana gida yau. Gobe da sahe ka ɗauke inuwar."

Da safe na tarar an riga ni. An shimfiɗa tabarmi a gaban zauren, liman ya zo, ga masaki biyu na waina. Mutanen tsibiranmu na da, musulmi da kirista da masu gargajiya, duk wanda ya ji ya zo. Aka yi wa Gimba addu'ar da ba a yi masa ba shekara hamsin da ɗoriya. Inna Hajo tana zaune cikin mata, ta aiko a ce mini in yi aikina. Na dama ruwan ƙasa, na durƙusa a gaban jama'a, na shafe inuwar. Hannuna da bai zubar da ruwan kofi ba, ranar sai da na jingina shi da sandar Malam. Ba ta ƙara damina biyu ba ta rasu.

To, kai mai waya, ga bangon nan, ba wanda ya hana ka ɗauka. Ka buga a leda, a rataya a makarantu, ni zan fi kowa murna, don yaɓen ba zai daɗe ba, ni ma haka. Amma kafin ka gyara komai ka zo ka tambaye ni, ni ina bayani, ba kamar Malam ba. Bakwai masu inuwa, huɗu babu. Haka za ka bar su.

Kuma in ka je da damina, bayan ruwa ya jiƙa bangon, za ka ga wani duhu-duhu yana tasowa a ƙarƙashin ƙafafun na ƙarshen. Kada ka ce datti ne ka goge shi a kwamfuta. Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san baƙi ba ya ɓuya sai an shafa masa hannu uku. Na sani sarai. Hannu ɗaya na shafa. Inna Hajo ta ga damina ɗaya bayan haka, tana wucewa ta nan kullum, ba ta taɓa cewa in ƙara ba.